Fréwaka

Fréwaka fim ne na ban tsoro na ƙasar Ailan wanda ya fito a shekarar 2024. Aislinn Clarke ce ta rubuta labarin kuma ta ba da umarni. Mafi yawan maganganun da ke cikinsa da harshen Gaeilge aka yi su, wato harshen asali na mutanen tsibirin Ailan, sai ɗan Turanci nan da can. Clare Monnelly da Bríd Ní Neachtain ne manyan jaruman fim ɗin. Labarin wata matashiya ne mai aikin jinya da aka tura wani ƙauye mai nisa don ta kula da wata tsohuwa, wadda ta yi imani cewa wasu halittun ɓoye da ake kira sídhe sun taɓa sace ta a daren bikinta, kuma suna nan suna jiran dama su dawo.

Ana sanya fim ɗin a rukunin finafinan tsoro na gargajiya, waɗanda ke ɗauko abin firgitarwa daga camfe-camfen ƙauye da tsofaffin al'adu. Amma abin da ya fi jan hankalin masu sharhi shi ne yadda ya haɗa tatsuniyar sace mutane da tarihin gidajen da cocin Katolika da gwamnati suka riƙa kulle mata a ciki a ƙarni na 20, da kuma yadda tabon da hakan ya bari ya bi zuri'a daga kaka zuwa uwa zuwa jika. An fara nuna shi a bikin finafinai na Locarno da ke Suwizalan a watan Agusta na 2024.

Suna

An ciro sunan daga kalmar Gaeilge fréamhacha, ma'ana saiwoyi, jam'in fréamh, wato saiwa. An sake rubuta ta ne yadda ake furta ta, saboda rubutun Gaeilge yana rikita wanda bai saba da shi ba. A wannan kalma haruffan mh sautin w suke bayarwa, ch kuma sauti ne na maƙogwaro irin na harafin kha na Larabci, shi ne aka maye gurbinsa da k. Alamar da ke kan é tana nuna dogon wasali.

Abin lura shi ne abacadan Gaeilge na gargajiya haruffa 18 ne kacal, kuma babu w babu k a cikinsu. Ke nan sunan fim ɗin kalmar Gaeilge ce da aka rubuta da haruffan da harshen bai mallaka ba. Wannan ya yi daidai da halin jarumar, wadda ke jin harshen amma ba ta san daga inda saiwarta ta fito ba. Ita ma sunanta haka aka yi masa: Shoo gajeren suna ne da aka yanko daga cikakken sunanta na Gaeilge, aka rubuta shi da ƙa'idar Turanci.

Labari

Fim ɗin ya fara ne da wani biki a ƙauye a shekarar 1973. Ana cikin shagali sai ga wasu maza sun shigo, sun rufe fuskokinsu da saƙaƙƙiyar ciyawa. Amarya, mai suna Peig, ta fita waje don ta ɗan sha iska, ta yi ido huɗu da wani bunsuru, daga nan ba a sake ganinta ba.

Sai labari ya tsallako zuwa wannan zamani, a birnin Dublin. Wata mata ta rataye kanta a ɗakinta, wanda ke cike da gumaka da hotunan addini. 'Yarta Shoo, wadda suka daɗe ba sa ga maciji da juna, ta zo kwashe kayan tare da Mila, 'yar ƙasar Yukren mai juna biyu wadda suke shirin aure. Shoo ba ta nuna wani alhini ba, so take kawai a zubar da komai. Ana cikin haka aka ba ta aikin jinya a wani ƙauye da ake magana da Gaeilge, saboda tana jin harshen. Ta karɓa nan take, ta bar Mila da aikin kwashe kaya.

Wadda za ta kula da ita ba kowa ba ce illa Peig, yanzu ta tsufa, tana fama da rashin lafiya, kuma ba ta fita ko nan da ƙofar gida. Da farko ta ƙi yarda Shoo ta shigo. Mutanen ƙauyen ma ba su yi wa baƙuwar kyakkyawar tarba ba. Gidan cike yake da abubuwan tsari, musamman a jikin wata jar ƙofa da ke kaiwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wadda Peig ta hana a buɗe. Ta ce ta nan suke fitowa.

A hankali matan biyu suka saba. Peig ta ba da labarin inda aka kai ta, Shoo kuma ta fara tuna irin azabar da uwarta ta gana mata tana ƙarama da sunan addini. Ita ma sai ta fara gani da jin abubuwan da ba ta iya bayaninsu, ga shi dama tana shan maganin taɓin hankali, don haka ba ta san ko za ta yarda da idonta ba. Daga baya ta gano cewa zuwanta gidan ba katari ba ne: uwarta ita ce jaririyar da aka raba Peig da ita, ke nan Peig kakarta ce. Masu rufin ciyawa da bunsurun da aka gani a farko sun sake bayyana a ƙarshe, kuma fim ɗin ya tsaya ba tare da ya yanke hukunci ba ko sídhe da gaske suke, ko kuwa abin a cikin kan matan yake.

'Yan wasa

Clare Monnelly ce ta fito a matsayin Shoo. An fi saninta a shirin barkwanci na talabijin mai suna Moone Boy. Bríd Ní Neachtain ce Peig. Ita 'yar yankin Conamara ce da ke yammacin ƙasar, inda har yanzu Gaeilge ne harshen gida, kuma ta daɗe tana wasan daɓe kafin ta jagoranci fim ɗin Róise & Frank na 2022. Aleksandra Bystrzhitskaya ce ta fito a matsayin Mila.

Sunan Peig kansa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi makaranta a Ailan. Sunan Peig Sayers ne, wata mashahuriyar mai ba da tatsuniya wadda aka buga tarihin rayuwarta a 1936, aka kuma yi shekaru ana karanta shi a makarantun sakandare.

Sídhe a camfin mutanen Ailan

Kalmar sídhe, wadda ake furtawa kamar "shi", asalinta tana nufin tudu ko tsibin ƙasa. Daga nan aka samu aos sí, wato mutanen tudu. A rubutun zamani an taƙaita ta zuwa sí. Tsofaffin labarai na cewa su ne ragowar wata al'umma mai suna Tuatha Dé Danann, waɗanda aka ci da yaƙi suka koma zama a ƙarƙashin ƙasa. Ba su yi kama da ƙananan halittu masu fukafukai da ake zanawa a littattafan yara na Turawa ba. Tsoronsu ake ji, har ba a son kiran sunansu kai tsaye, sai a ce na daoine maithe, ma'ana mutanen kirki, kamar dai yadda Bahaushe ke sakaya sunan aljanu ya ce mutanen ɓoye.

Abin da aka fi jin tsoro game da su shi ne sata. An yi imani suna ɗauke jarirai da amare da mata masu jego, su bar wani abu mai kama da mutumin a madadinsa. Lokutan da mutum ke tsallakawa daga wani matsayi zuwa wani, kamar ranar aure ko haihuwa, su ne mafi haɗari, haka ma bakin ƙofa da lokacin faɗuwar rana. Ana kare kai da ƙarfe da gishiri da wuta, a wasu wuraren har da fitsari. Ba a cin abincinsu, domin wanda ya ci ba ya dawowa.

Wannan imani ya taɓa cin rai. A watan Maris na 1895, a gundumar Tipperary, Michael Cleary ya ƙona matarsa Bridget har lahira bayan ta yi 'yan kwanaki tana rashin lafiya, yana cewa ba matarsa ba ce, musanya ce aka bar masa. Kotu ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba. Ko a 1999 ma, sai da mai ba da tatsuniya Eddie Lenihan ya yi ta kiraye-kiraye a kan wata 'yar bishiya da ke Latoon a gundumar Clare, wadda aka ce matattarar sídhe ce, kuma da aka gina babbar hanya a wurin an bar ta a tsaye.

Masu rufin ciyawar da suka shigo bikin ma ba ƙirƙirar darakta ba ce. Tsohuwar al'ada ce a karkarar Ailan samari su ɓad da kama da ciyawa su je biki ba tare da gayyata ba, su yi rawa da amarya, a ba su abin sha su tafi. Ana ɗaukar zuwansu a matsayin sa'a. Bunsuru kuwa yana da nasa gurbin: a garin Killorglin da ke gundumar Kerry, duk shekara daga 10 zuwa 12 ga Agusta ana kamo bunsurun daji a naɗa shi sarki a bikin da ake kira Puck Fair. Clarke ta ɗauki waɗannan abubuwa na wasa da raha ta mayar da su abin tsoro ba tare da ta sauya kamanninsu sosai ba.

Gidajen da aka kulle mata

Lokacin da Shoo ta tambayi Peig yadda can ƙasan yake, amsar da ta bayar ba ta ƙunshi fadar aljanu ba. Ta kwatanta shi da gidan mahaukata, da gidan wanki, da ƙauyen da yunwa ta cinye, da jirgin ruwan masu gudun hijira, da ramin da aka jibge gawarwaki. Kowane ɗaya daga cikinsu wuri ne na gaske a tarihin Ailan, kuma a nan ne ma'anar fim ɗin ta fi fitowa fili.

Gidajen wanki na Magdalene cibiyoyi ne da ƙungiyoyin sistocin Katolika ke gudanarwa. Ana kai mata da 'yan mata can saboda sun yi ciki ba aure, ko an yi musu fyaɗe, ko marayu ne, ko kuwa kawai dangi sun ga sun gagara. Suna wankin kayan otal-otal da asibitoci da ma'aikatun gwamnati ba tare da albashi ba, a bayan ƙofofi a kulle, kuma sau da yawa ana sauya musu suna. A 1993 aka tono gawarwakin mata 155 a filin wani irin wannan gida da ke High Park a Dublin bayan an sayar da wani ɓangaren filin, lamarin da ya sa jama'a suka fara tambaya. Gida na ƙarshe, wanda ke kan titin Seán McDermott a Dublin, sai a 1996 aka rufe shi. Rahoton kwamitin da Martin McAleese ya jagoranta ya nuna a 2013 cewa mata kimanin 10,000 ne suka shiga waɗannan gidaje tun daga 1922, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu hukumomin gwamnati ne suka tura su. A ranar 19 ga Fabrairu na wannan shekarar Firaminista Enda Kenny ya nemi gafararsu a majalisa.

Akwai kuma gidajen uwa da jariri, inda ake ɓoye mai ciki har ta haihu, sannan a raba ta da ɗan. Hukumar binciken da ta duba irin waɗannan cibiyoyi 18 ta fitar da rahotonta a watan Janairu na 2021. Ta ce mata kimanin 56,000 da yara kimanin 57,000 ne suka ratsa ta cikinsu tsakanin 1922 da 1998, kuma yara kusan 9,000 sun mutu a can. An ba da da yawa daga cikin waɗanda suka rayu ga wasu iyalai, har an kai wasu Amurka. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne gidan Tuam a gundumar Galway, wanda ya yi aiki daga 1925 zuwa 1961. Wata mai binciken tarihin yankin, Catherine Corless, ta tattara takardun mutuwar yara 796 waɗanda babu bayanin inda aka binne su. A 2017 aka tabbatar da cewa akwai ƙasusuwan yara masu yawa a cikin wani tsohon ginin magudanar ƙazanta da ke ƙarƙashin filin.

Asibitocin taɓin hankali su ma sun zama wurin ajiye wanda ba a so a gani. A ƙarshen shekarun 1950 mutum fiye da 20,000 ne ke tsare a cikinsu, a ƙasar da yawan jama'arta bai kai miliyan 3 ba.

Idan aka dubi wannan tarihi, cewa "an ɗauke ta" yana da fuska biyu. Yarinya takan ɓace daga ƙauye dare ɗaya, kowa ya san inda take amma ba mai faɗa, in ta dawo bayan shekaru kuma ta dawo kamar ba ita ba. Haka tatsuniya ke siffanta wanda sídhe suka sace. Fim ɗin ya bar fassarorin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har ƙarshe.

Tabon da ake gado

Masana halayyar ɗan Adam suna amfani da wannan ra'ayi wajen bayyana yadda bala'in da ya sami iyaye ke shafar 'ya'yan da ba su gan shi da idonsu ba. An fara nazarinsa sosai ne a shekarun 1960 a kan 'ya'yan Yahudawan da suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi. Hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce ta tarbiyya: uwar da aka raba da tata uwar, ta tashi cikin tsoro da kunya, takan kasa nuna ƙauna ko ta yi tsanani fiye da kima, kuma shirun da ake yi a kan abin da ya faru yakan hana yaro gane dalilin halin da ya tarar a gida.

Haka aka gina zuri'ar fim ɗin. An ƙwace wa Peig 'yarta. 'Yar ta girma ba ta san asalinta ba, ta rungumi addini da tsananin da ya zama azaba ga Shoo. Shoo kuma ga ta tana shirin zama uwa, tana gudun Mila da cikin da ke jikinta kamar yadda take gudun kayan mamaciyar. Abubuwan tsarin Peig da gumakan uwar Shoo aiki ɗaya suke yi, kowace ta cika ɗakinta da abin da take fatan zai tare mata ƙofa. Jan launi ma ya haɗa su, daga jar ƙofar gidan Peig zuwa jar fitilar da ake kunnawa a gaban hoton Yesu a gidajen Katolika na Ailan.

Ba wannan ne karon farko da Clarke ta taɓo batun ba. Fim ɗinta na farko, The Devil's Doorway na 2018, ya faru ne a cikin gidan wanki na Magdalene a shekarar 1960, inda wasu limaman coci biyu suka je binciken wata mu'ujiza. Wancan ya nuna cibiyar daga ciki, Fréwaka kuma ya bi sawun abin da ta bari bayan an rufe ta.

Harshe

Gaeilge na cikin dangin harsunan Keltik, ɗan'uwa ne na kusa ga harshen Gelik na Sikotilan. Kundin tsarin mulki na 1937 ya ba shi matsayin harshen hukuma na farko, Turanci na biyu, amma a zahiri Turanci ne ya mamaye. Babbar yunwar da aka yi daga 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya ta kuma kori wasu kusan miliyan ɗaya zuwa ƙetare, ta fi yin ɓarna a yankunan talakawa masu magana da shi. A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka ce suna iya magana da Gaeilge, amma waɗanda ke amfani da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba. Yankunan da ya rage a matsayin harshen al'umma ana kiransu Gaeltacht, kuma yawancinsu a gaɓar yamma suke.

Saboda haka zaɓin harshe a fim ɗin yana da nauyi. Shi ne ya sa aka tura Shoo wurin Peig tun farko, kuma da shi matan biyu suke faɗa wa juna abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Mila kuwa da Turanci ake magana da ita, wanda hakan ke ƙara nisanta ta da abin da ke faruwa a gidan. Harshen na daga cikin abin da Shoo ta gada tare da sauran kayan da take son zubarwa.

Wasu kafofin yaɗa labarai sun kira Fréwaka fim ɗin tsoro na farko da aka yi da Gaeilge. Wannan magana tana da ja, domin an nuna An Taibhse na John Farrelly, shi ma na tsoro ne kuma da Gaeilge, a bikin finafinai na Galway a watan Yuli na 2024, kafin a nuna Fréwaka a Locarno.

Shiryawa da fitarwa

Kamfanonin DoubleBand Films da Wildcard ne suka shirya fim ɗin a ƙarƙashin Cine4, wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin tashar talabijin ta TG4 da hukumar finafinai ta Fís Éireann da hukumar kula da kafofin yaɗa labarai ta ƙasar, wanda aka kafa don a riƙa yin manyan finafinai da Gaeilge. Daga wannan shiri ne Arracht na 2019 ya fito, da kuma An Cailín Ciúin na 2022, fim na farko da harshen da ya shiga jerin 'yan takarar lambar yabo ta Oscar. Narayan Van Maele ne ya ɗauki hoto, Die Hexen kuma ta tsara kiɗan.

An ɗauki fim ɗin a gundumar Louth da ke arewa maso gabashin ƙasar, a yankin Carlingford da Ravensdale, kusa da Dundalk inda Clarke ta fito. Yankin ba ya cikin Gaeltacht a yau. Yana da nasa karin harshen Gaeilge a da, wanda ya ɓace da mutuwar tsofaffin ƙarshe da suka tashi da shi a tsakiyar ƙarni na 20.

Bayan Locarno an nuna shi a bikin finafinai na Landan a watan Oktoba na 2024, sannan manhajar Shudder, wadda ta ƙware a finafinan tsoro, ta sake shi a intanet a watan Afrilu na 2025. Masu sharhi sun fi yaba wasan Ní Neachtain da Monnelly da kuma yadda sauti ke ɗaukar nauyin firgitarwa maimakon jini. Ana yawan kwatanta shi da The Wicker Man na 1973 saboda ƙauyen da kowa ya san sirri ban da baƙo, da kuma finafinan Ailan na baya-bayan nan da suka yi amfani da camfin musanya, irin su The Hole in the Ground na 2019 da You Are Not My Mother na 2021. Raunin da ya fi bayyana shi ne alamomin sun yi yawa, kuma mai kallon da bai san tarihin Tuam ko na gidajen wanki ba zai iya wuce wasu daga cikinsu bai lura ba, tunda fim ɗin bai tsaya yin bayani ba.